Tambaya da Amsa: Idan Manhajar Gwaji Ta Ƙi Aiki

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan sun fito ne daga masu koyon rubuta manhaja a ƙauyuka da ƙananan garuruwan Kano da Jigawa, kuma dukkansu suna kuka ne da manhajar gwaji, wato wadda ake sa wa ta bi abin da mutum ya rubuta ta tabbatar yana yin aikin da aka nufa da shi. Biyu aka fi ambata: pytest, da masu rubuta manhaja da harshen Python ke amfani da ita, da Selenium, wadda ke buɗe shafin intanet ta danna maɓallai kamar mutum. Na ajiye wasiƙun da suka ce kawai "ta ƙi", domin ba a yi wa ciwo magani ba a ga mai shi ba, na zaɓi waɗanda suka kwafo saƙon kuskuren kamar yadda ya fito a allo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyon Python a gida, kuma na rubuta ƙaramar manhajar da ke lissafa rabon taki ga manoman ƙungiyarmu. Na saka pytest, amma da na rubuta sunanta a tagar umarni sai kwamfuta ta ce "pytest is not recognized". Wani abokina ya taɓa wani abu ta fara tashi, sai kuma ta ce "collected 0 items", alhali na rubuta gwaji bakwai a fayil mai suna gwaji.py. Shin pytest ɗin ce ta lalace? Daga wani mai karatu a wani ƙauye kusa da Ringim.

AMSA: Ɗan'uwa, pytest ɗinka lafiyarta ƙalau, kuma matsaloli biyu ne daban ka haɗa a wasiƙa ɗaya. Saƙon farko ba daga pytest ya fito ba, Windows ce ke gaya maka ba ta san inda aka ajiye ta ba. Akwai jerin foldoji da ake kira PATH, wanda Windows ke dubawa duk lokacin da aka rubuta sunan wata manhaja, kuma idan foldar da pip, wato manhajar da ke sauko wa Python da kayan aiki, ya zuba pytest a ciki ba ta cikin jerin, to za ta ce ba ta gane sunan ba ko da manhajar tana nan daram. Hanya mafi sauƙi ita ce ka daina kiranta kai tsaye, ka rubuta python -m pytest. Da wannan umarnin Python ce da kanta za ta nemo ta, kuma ka tabbata cewa Python ɗin da ke gudanar da gwajin ita ce wadda aka saka wa pytest, abin da ke da muhimmanci a kwamfutar da aka gada daga wani, inda sau da yawa akan tarar da Python biyu ko uku a ajiye. Ka riƙa sakawa ta wannan hanyar ma, wato python -m pip install pytest.

Saƙo na biyu kuwa, na "collected 0 items", yana nufin ta tashi, ta duba, ba ta ga abin da ta ɗauka gwaji ba ne. Ita ba ta buɗe kowane fayil. Tana neman wanda sunansa ya fara da test_ ko ya ƙare da _test.py, sannan a cikinsa tana ɗaukar ayyukan da sunansu ya fara da test kaɗai. Fayil ɗinka gwaji.py, duk da cewa sunan ya dace a Hausa, ta wuce shi ba ta ko leƙa ba. Ka mayar da shi test_taki.py, kuma kowane aiki a ciki ya zama kamar test_rabon_buhu ko test_manomi_ba_gona. Kalmar farko ce kawai tilas, sauran sunan kana iya barinsa da Hausa, kuma ina ƙarfafa ka da ka bar shi haka, domin ranar da gwaji ya faɗi za ka karanta sunan ka gane abin da ya ɓaci nan take.

Ina hasashen saƙo na uku da zai zo maka bayan wannan, shi ne "ModuleNotFoundError", inda gwajin zai kasa ganin fayil ɗin manhajarka. Ka tsaya a cikin babbar foldar aikin kafin ka ba da umarni, kuma ka yi amfani da python -m pytest, domin wannan siga tana ƙara foldar da kake ciki a wuraren da Python ke nema, abin da kiran pytest kai tsaye ba ya yi. Idan manhajar tana cikin wata ƙaramar folda, tun daga siga ta 7 da ta fito a 2022 ana iya rubuta pythonpath a fayil ɗin saitunanta mai suna pytest.ini a nuna mata wurin.

TAMBAYA: Malam, ni matsalata tun a sakawa ne. Na sayi kwamfutar hannu ta gwanjo, kuma duk lokacin da na ce pip ya sauko da pytest sai ya cika allo da jan rubutu, a ciki akwai "CERTIFICATE_VERIFY_FAILED". Wani lokaci kuma "Read timed out" yake cewa. Na ƙarar da data sau biyu a kan wannan. Daga wani ɗalibi a ƙaramar hukumar Gwaram.

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri a kan datar da ta tafi. Kafin ka sake sayen wata, ka dubi ƙasan allonka ta hannun dama ka karanta kwanan watan da kwamfutar ke nunawa. Na taɓa zama da wani matashi a shagon cajin waya, mun shafe kusan awa guda muna sauya layi muna ɗaga waya sama ko sabis zai ƙaru, sai daga baya idona ya kai kan agogon kwamfutarsa, na ga tana nuna ɗaya ga Janairu na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Da muka gyara agogon, cikin ɗan lokaci komai ya sauka.

Dalilin shi ne, duk shafin da ake shiga ta amintacciyar hanya yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfutarka da agogonta take auna ranakun. Idan agogon ya koma baya da shekaru, za ta ga kamar lokacin takardar bai yi ba tukuna, ta ƙi amincewa, kuma sau da yawa za ka ga "certificate is not yet valid" a ƙarshen layin. Abin da ke riƙe agogo idan kwamfuta tana kashe wani ƙaramin batiri ne mai kama da kwabo a cikin allon injin, yawanci nau'in CR2032, kuma a kwamfutocin gwanjo da suka shekara goma ana aiki da su yakan mutu. A garuruwanmu, inda babban batirin ma kan ƙare tas kafin a samu wuta ko rana ta buɗe wa sola, agogon yakan koma baya kusan kullum. Ka gyara kwanan watan da hannu, ka kunna zaɓin da ke sa Windows ta daidaita lokaci da kanta, sannan ranar da ka shiga Dutse ko Birnin Kudu ka sa mai gyara ya sauya batirin. Za ka ga wasu suna ba da shawarar a ƙara --trusted-host don pip ya daina duba takardar shaidar. Ban yarda da wannan ba, domin ka cire mai gadi ne don kawai ya yi maka tambaya, kuma agogon da bai daidaita ba zai sake ɓata maka wani aikin gobe.

"Read timed out" kuma raunin sabis ne. A bisa al'ada pip yana jiran daƙiƙa 15 kafin ya haƙura, kuma yana sake gwada haɗuwa har sau 5. Kana iya ƙara masa haƙuri da python -m pip install --timeout 60 --retries 10 pytest. Amma abin da na fi so ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa shi ne ya yi guzuri. Ranar da ka samu intanet mai ƙarfi, ka rubuta python -m pip download pytest -d kaya, sai a zuba maka pytest da duk abin da take dogaro da shi a folda mai suna kaya. Ka kwafe foldar a filash, kuma daga nan ko a tsakiyar gona kake, python -m pip install --no-index --find-links kaya pytest zai saka ta ba tare da data ba. Sharaɗin shi ne kwamfutar da aka sauko da kayan da wadda za a saka wa su kasance da Windows iri ɗaya da sigar Python ɗaya. Filash guda yana iya wadatar da ajinku duka.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce, kuma na rubuta manhajar da ke karanta sunayen ɗalibai da garuruwansu daga fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla. Gwaje-gwajena suna wucewa a kwamfutar ƙanina mai tsarin Ubuntu, amma a tawa mai Windows guda uku suna faɗuwa. A ɗaya pytest ta nuna tana sa ran "Ɗambatta" amma ta samu "ÆŠambatta". A wani kuma ta ce "charmap codec can't encode character". Ƙanina ya ce in cire ƙugiyoyin haruffan in huta. Me ka gani? Daga wata mai karatu a yankin Ɗambatta.

AMSA: Malama, ina roƙonki kada ki cire su. Wannan wasiƙar ce ta fi tsaya mini a rai a cikin dukkan na watan, domin gwajinki ya yi ainihin aikin da aka rubuta shi dominsa: ya kama kuskuren da, in ba don shi ba, da sai ranar da aka buga takardun sakamako iyaye suka ga sunayen 'ya'yansu a hargitse za a gane. Idan kika mayar da Ɗ ta zama D a cikin gwajin, allo zai yi kore, amma kuskuren yana nan a manhajar yana jiran ɗalibi na gaba mai ƙugiya a sunansa. Kuma ke malama ce, kin fi ni sanin tazarar da ke tsakanin ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lambobi take ajiyewa, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na fassara lambobin zuwa haruffa. Tsarin UTF-8 yana ɗauke da haruffanmu duka, kuma yana ajiye kowanne daga cikin ɓ, ɗ da ƙ da lambobi biyu. Ubuntu da wannan tsarin take buɗe fayil idan ba a ce mata komai ba. A Windows kuwa, idan an saita ta da Turanci kamar yadda kusan duk namu suke, Python ta daɗe tana ɗaukar wani tsohon tsari mai suna cp1252, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, kuma babu haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa. Da ta zo kan lambobi biyun da ke wakiltar Ɗ, sai ta karanta kowace ita kaɗai, ta farko ta zama Æ, ta biyu ta zama Š, shi ya sa kika ga abin da kika gani. Ƙaramar ƙ kuma takan fito a matsayin Æ™. Abin lura shi ne a wajen karantawa ba ta yi ƙorafi ba, ta ba ki gurɓataccen suna ta yi shiru, sai a wajen rubutawa ne ta tsaya ta ce ba ta da inda za ta sa harafin, wanda shi ne saƙon charmap.

Gyaran a cikin manhajar yake, ba a gwajin ba. Ki bi duk inda kika yi amfani da open, umarnin buɗe fayil, na karantawa da na rubutawa, ki ƙara encoding="utf-8". Idan da Excel kike shirya fayil ɗin, ki zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa, domin CSV na yau da kullum yakan mayar da haruffan alamar tambaya, kuma abin da ya zama alamar tambaya ba ya dawowa. Sai dai Excel yana sa wata ɓoyayyiyar alama a farkon irin wannan fayil, wadda ke manne wa sunan ginshiƙin farko na jadawalin ta sa a kasa gane shi, don haka a nan encoding="utf-8-sig" za ki rubuta. Akwai kuma saitin PYTHONUTF8=1, da ke nan tun Python 3.7, wanda ke sa Python ta ɗauki UTF-8 a ko'ina. Yana da amfani don ki tabbatar da cewa wannan ne ciwon: ki kunna shi, idan gwaje-gwajen uku suka wuce, kin gano. Amma kada ki dogara da shi, domin ranar da aka kai manhajar kwamfutar ofishin shugaban makaranta ba wanda zai tuna ya kunna shi.

Ina ba ki shawarar ki ƙara gwaji guda na musamman da zai rubuta kalmomi masu ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a fayil, ya sake karanto su, ya tabbatar sun dawo yadda suka tafi. Ki sa har da ƴ, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke sa 'y, tunda ba a rasa ɗalibin da takardunsa suka zo daga can.

TAMBAYA: Malam, Selenium ɗina tana aiki lafiya har makon jiya. Ban taɓa komai ba, yanzu tana cewa "This version of ChromeDriver only supports Chrome version 114". Daga wani ɗalibi a Kazaure.

AMSA: Na yarda ba ka taɓa komai ba, Chrome ne ya sabunta kansa lokacin da ka haɗa kwamfutar da intanet. ChromeDriver shi ne ɗan aike tsakanin Selenium da Chrome, kuma dole babbar lambar sigarsu ta zo ɗaya. Tun daga Selenium 4.6, da ta fito a ƙarshen 2022, akwai Selenium Manager a cikinta, wanda ke nemo direban da ya dace da kansa. Ka sabunta da python -m pip install -U selenium, ka goge tsohon chromedriver.exe da ka sauko da hannu, ka cire layin da ke nuna inda yake. Karon farko yana bukatar intanet, daga nan zai ajiye direban a kwamfutarka har sai Chrome ya sake sauya siga. Idan kwamfutar mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ce, ka ƙara --headless=new don Chrome ya yi aiki ba tare da buɗe taga ba, ka kuma rufe sauran shafuka kafin ka fara.

TAMBAYA: Malam, wani abu ya ɗaure mini kai. Ina rubuta manhajar adashi ta matan unguwarmu, kuma akwai gwajin da ke duba cewa zubin yau an rubuta shi da kwanan watan yau. Da rana yana wucewa, amma idan na zauna aiki da dare lokacin da data ke da rahusa, wani lokaci ya faɗi, wani lokaci ya wuce, ban sauya ko harafi ba. Har na fara tunanin in goge shi. Daga wata 'yar'uwa a wani ƙauye kusa da Gumel.

AMSA: 'Yar'uwa, kin ba ni rabin amsar da kika ambaci dare. Gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an taɓa shi ba, lallai yana dogaro ne da wani abu da ke sauyawa a wajensa, kuma abubuwan da aka fi kamawa su ne agogo, intanet, ko wani abu da gwajin baya ya bari bai share ba. Hanyar rarrabewa ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Ki gudanar da shi shi kaɗai da python -m pytest -k da sunansa. Idan ya wuce shi kaɗai amma ya faɗi a cikin sauran, to wani gwajin ne ke bar masa datti. Idan kuwa ya faɗi ko shi kaɗai, ki dubi agogo ki rubuta lokacin a takarda.

Ina da ƙarfin zaton za ki tarar duk faɗuwar tana tsakanin ƙarfe 12 na dare da ƙarfe 1. Agogon Najeriya yana gaban agogon duniya, wato UTC, da awa ɗaya. Idan manhajar tana ɗauko kwanan wata da agogon UTC, kamar yadda darussa da yawa ke koyarwa, shi kuma gwajin yana kwatantawa da date.today da ke bin agogon kwamfutarki, to awa 23 na kowace rana za su yi daidai, amma a wannan awa ɗayar mu mun shiga Talata, UTC tana Litinin. Ki buɗe saƙon faɗuwar ki karanta layukan da suka fara da harafin E, za ki ga kwanakin biyu a jere da bambancin kwana ɗaya.

Kada ki goge shi, domin ba gwajin ne ke da laifi ba. Ki yi tunanin matar da ta aiko da zubinta ta waya da ƙarfe 12 da rabi na daren ranar ɗaya ga wata: manhajar za ta rubuta shi a watan da ya wuce, a lissafin sabon wata kuma a ga kamar ba ta zuba ba, kuma kin san irin maganar da wannan ke haifarwa a tsakanin maƙwabta. Ki yanke shawarar agogon da adashin ke bi, wanda a ganina na Najeriya ne tunda da shi matan ke ƙirga kwanakinsu, ki yi amfani da shi a ko'ina. Tun Python 3.9 akwai zoneinfo, mai kula da agogon yankunan duniya, kuma sunan yankinmu a ciki Africa/Lagos ne, sai dai a Windows sai kin saka tzdata da pip kafin ya gane sunan.

Sannan ki raba gwajin da agogon gaske gaba ɗaya. Ki gyara aikin da ke rubuta zubi ya riƙa karɓar lokaci daga wanda ya kira shi, maimakon ya leƙa agogo da kansa, ta yadda gwajin zai miƙa masa lokacin da kika zaɓa. Da haka za ki rubuta gwaji ɗaya na tsakar rana, ɗaya na ƙarfe 11 da minti 59 na daren ƙarshen wata, ɗaya kuma na ƙarfe 12 da rabi na ɗaya ga wata, ki gudanar da su duka da hantsi. Ki fara rubuta na ukun kafin ki taɓa manhajar, ki ga ya faɗi da idonki, sannan ki yi gyaran ki gudanar da python -m pytest --lf, wanda ke maimaita waɗanda suka faɗi a karon baya kaɗai. Idan ya wuce, ki sake gudanar da dukkansu, sannan ki duba rubuce-rubucen zubin da aka riga aka yi da dare, domin waɗanda suka shiga a wannan awar suna ɗauke da kwanan watan da ba nasu ba, kuma sai an gyara su da hannu.